Mai Huda Kati: Shafi na 23

Masu turo saƙo tun da asuba wai na bar Safiyatu a tsaye da kofin kunu a hannu, ga ta nan na kawo muku. Na gode da addu'a, idon ya yi sauƙi. Wadda kuma ta rubuta cewa Gwaggo Abu muguwa ce, ta karanta wannan shafin tukuna, sai mu yi magana.

*

Haladu, mijin Safiyatu, bai wuce zaure ba. Suruki ne, nan ne iyakarsa a gidan Malam Hambali, mahaifinta. Nan Safiyatu ta same shi ya faɗa mata abin da ya taso shi daga Kano har Farin Dutse, ta juyo cikin gida.

Saƙon gajere ne. Kamfanin da take wa aiki zai daina amfani da kati. Injinan nan da take zama gabansu tana buga sunaye da lambobi, suna fita huji-huji a jikin kati kafin a loda wa kwamfuta ta karanta, duk za a kwashe su. An kawo sababbi masu allo kamar talabijin. An zaɓi 'yan mutane kaɗan za a tura kwas Kaduna su koyo, sunanta na ciki. Litinin mai zuwa ake farawa. Wanda bai je ba a ba wani gurbinsa.

Ita kuwa ga ta cikin jego, haihuwar fari, da sauran kusan mako biyu kafin arba'in.

Gwaggo Abu na tsugune gaban murhu tana iza wuta ƙarƙashin rabin gangar ruwan wanka. Yayar Malam Hambali ce, ita ta riƙe Safiyatu a Birnin Kudu tun daga yaye, ita kuma ta baro tuwon sayarwarta ta zo yi mata wankan jego. Damin tsofaffin katuna ne a hannunta tana fifita wutar da shi. Ta sha faɗa cewa a duk aikin bokon 'yar tata katin nan kaɗai ta ga amfaninsa, don yana kama wuta.

"Gwaggo."

"Na ji. Mijin nan naki in ya yi raɗa sai ka ce sanƙira."

"To me kika ce?"

"Na ce ki shiga bayi, ruwa ya tafasa."

Safiyatu ta aje kofin kunun kanwar, ta durƙusa kusa da ita.

"Don Allah ki saurare ni. Aikin nan namu hawa-hawa ne. Mu masu huda kati mu ne a ƙasa. Sama da mu akwai masu kula da babban injin. Can sama kuma masu rubuta masa umarni, su ne yake jin maganarsu. Matakin ƙasan ne za a zare, Gwaggo. In ban ɗaga ƙafa yanzu ba, da ni za a zare shi."

"A kai ki ina?"

"Tafireta, in an tausaya mini. In ba haka ba gida."

"Gidan wuta ne?"

"Ba wuta ba ne."

"To. Ba ke ce aka ce kin fi kowa sauri a wurin ba? Har Bature yana tsayawa kallon yatsunki?"

"A kan abin da za a zubar na fi kowa sauri."

Gwaggo ta jefa ganyen darbejiya cikin gangar, ta danna shi da muciya. Ba ta kalle ta ba.

"Su jira ki yi arba'in."

"Ba za su jira ba. Malaman daga waje aka ɗauko su, in sun gama tafiya za su yi."

"Ki je na baɗi."

"Babu na baɗi. Baɗi 'yan makaranta za su ɗauka waɗanda suka fito da iyawarsu."

Nan fa Gwaggo ta juyo, idanunta sun yi ja, kuma ba hayaƙi ne kaɗai ba.

"Ke yarinya ce lokacin, amma ai kin san Zahara'u."

Safiyatu ta sunkuyar da kai. Ta san Zahara'u, 'yar Gwaggo ɗaya tilo. Ita ke goya ta tana yi mata kitso.

"Mijinta ya matsa, wai an yi masa canjin wurin aiki, ba mai dafa masa. Na sake ta ba ta cika kwananta ba. Ƙafa ta fara kumbura, sai fuska. Kafin a kawo ta asibiti magana ta ƙare. Likita ya faɗi nasa da Turanci, ni na san sanyi ne ya shige ta. Ni na sake ta, Safiyatu. Da hannun nan."

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Safiyatu na da amsar da malamar jinya ta taɓa ba ta a asibitin Birnin Kudu game da kanwa da kumburi, amma wa zai kai wa uwar da ta binne 'ya irin wannan amsa? Ta ji tausayin Gwaggo ya cika ta, ta kuma ji tausayin kanta.

Gwaggo ta share ido da gefen zani.

"Ba zan binne biyu ba. Ki yi wankanki ki cika kwananki. Inji dai ƙarfe ne, ba zai gudu ba."

Can ƙofar ɗaki, hannun da ke tsintar wake a faifai ya tsaya.

Inna Mairama ce, mahaifiyar Safiyatu, zaune a tabarma da jariri Ɗanladi kwance a cinyarta. Tun da aka fara maganar nan ba ta ɗago ba, ba wanda kuma ya zaci za ta ɗago. Gidan Malam Hambali jinin Fulani ne. Fillancin ya tafi tun zamanin kakanni, amma kunyar ta zauna daram. Safiyatu 'yar fari ce, don haka tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta zama inda take zaune, ba ta kallonta ido cikin ido. In ya zama dole sai ta ce "waccan", ko "'yar gidan Yaya Abu". Ranar da Safiyatu ta zo da labarin ta sami aiki a Kano, Inna tashi ta yi ta shiga madafa kamar wadda ta tuna tuwo a wuta.

Kowa ya ce kunya ce. Safiyatu ma da baki takan ce kunya ce. A zuci kuwa ta daɗe da yanke cewa matar nan ba ta damu da ita ba, ko ta huda kati ko ta huda dutse.

Da Ɗanladi ya zo sai Inna ta samu hanya. Jika ne, abokin wasa, duk abin da take son faɗa shi take gaya wa.

"Kai maigida," in ji Inna tana gyara masa hula. "Ka ji abin da aka ce? Wai inji ba ya gudu."

Gwaggo ta waiwaya.

"Mairama, da ni kike?"

"Da maigidana nake, Yaya."

Ta kwantar da shi a tabarma ta shiga ɗaki. Aka ji tana jan kaya a ƙarƙashin gado. Ta fito da wata tsohuwar taskira da Safiyatu ba ta taɓa gani ba, ta bushe ƙurar, ta zauna ta buɗe a gaban jaririn. Mazari ne a ciki, da ɗan guntun alli da ya bushe ya tsage, da ƙullin zare guda siriri kamar gashi.

"Ka ga wannan, maigida? Arafiya ke nan. Ni na kaɗa shi. Tambayi Yaya Abu in ƙarya nake, daga nan har Gwaram akwai wadda ta kai ni?"

"Babu," in ji Gwaggo a hankali. "Masaƙa har rigima suke a ƙofar gidan nan."

"To ina suke yanzu?"

Inna ta ci gaba, idonta a kan jaririn.

"Ina gidanmu a Kiyako, ina irin wannan zaman, aka zo da labari. An buɗe ajin mata a Birnin Kudu ana koyar da keken ɗinki, an ce a kawo masu hannu mai kyau. Mai unguwa da kansa ya faɗi sunana. Lokacin zaren kanti ya fara shigowa kasuwa, na taɓa shi na ji, na san abin da ke tafe. Na roƙi tsohuwata. Na ce a kai ni da safe bayan wanka a dawo da ni kafin na yamma, tafiyar ba nisa. Ka san me ta ce?"

Ɗanladi ya yi miƙa ya tura hannu a baki.

"Ta ce keke ƙarfe ne, ba zai gudu ba."

Wutar murhu ta ci gaba da ƙara. Gwaggo ta daina fifita.

"Na cika kwanana cif. Na yi kitso, na sa lalle, na tafi. Aka ce aji ya cika, an ba Tani gurbina. Tanin da ko abawa mai kauri ba ta iya kaɗawa ba tare da ta tsinke ba. Yau ita ke ɗinka wa matan alkalai kaya a Birnin Kudu, 'yan koyo cike da shagonta. Ban yi mata baƙin ciki ba, rabonta ne. Na dawo na ci gaba da kaɗina. Masu zuwa suka ragu, suka ragu, har ranar da na kai zare kasuwa na dawo da shi. Ga shi nan, shi ne wannan."

Ta ɗaga ƙullin ta juya shi a hannu.

"Hannuna bai lalace ba, maigida. Har yau in na rufe ido yana kaɗi. Neman abin ne aka daina. Ya gudu, Yaya Abu. Ƙarfe yana gudu."

Safiyatu ta san jegon da ake nufi. Inna jego ɗaya ta yi a Kiyako, na haihuwar fari.

"Inna," ta ce. "Jegona ne?"

Inna ba ta kalle ta ba. Ta ja zanin jaririn ta rufe masa ƙafa.

"Gaya wa uwarka ba a tambayar wannan. Ba laifin jariri ba ne."

Gwaggo ta nisa ta zauna a kan turmin da ke kife.

"Na ji, Mairama. Allah ya sani na ji. Amma ke kin rasa sana'a, ni na rasa 'ya. Ba zan yarda ta katse wanka ba ko da wa za a haɗa ni."

"Wa ya ce ta katse?"

"To yaya za a yi?"

"A Kadunan ruwa ba ya tafasa ne?"

Inna ba ta jira amsa ba.

"Darbejiya ba ta fitowa a can? Kanwa ce ba za ta shiga mota ba? Na ji yaron nan yana faɗa a zaure, ƙanwar babansa na da gida a can da ɗaki a banza. A yi wanka da asuba, a tafi makaranta, a dawo a yi na yamma. Maigida kuma a goya shi a kai shi bakin makarantar ya sha nono da rana."

"Wa zai yi duk wannan? Ni gwiwar nan ba ta hawa mota mai nisa, kin sani. Ga tuwona na bar wa 'yan aiki, sun kusa korar mini mutane."

"Ban ce ke ba."

Inna ta nuna ƙirjinta da yatsa.

"Ke?" in ji Gwaggo. "Mairama, ke da ba ki taɓa wuce kasuwar Birnin Kudu ba? Ke da in mota ta yi ƙaho sai ki faɗa gona?"

"Zan toshe kunne."

"Ki yi wa 'yar fari wanka da hannunki? Ki kwana ɗaki ɗaya da ita? Me za a ce a Farin Dutse?"

"A ce. An faɗi na wasu an gaji an bari."

"Kunyar fa?"

Inna ta mayar da mazarin cikin taskira, ta rufe.

"Na yi kunya shekara ashirin da wani abu, Yaya, ban ci bashinta ba ko yini ɗaya. Ta ba ni aron 'yan makonni, in na dawo na ci gaba."

Gwaggo ta dube ta. Sai ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki, ta girgiza kai.

"Karo na biyu ke nan kina yi mini haka."

"Yaya."

"A'a, yau sai na faɗa. Na gaji da riƙon amanar nan, ta fi ƙarfin tsufana."

"Yaya Abu, don Allah."

Gwaggo ta juya ga Safiyatu.

"Ke a zatonki wa ya sa ki a boko?"

"Ke mana, Gwaggo."

"Ni? Ni da na so ki taya ni tallan tuwo a bakin asibiti? Ranar da na zo ɗaukarki yaye, wannan da kike gani ta bi ni har bayan gari, wai rakiya. Da muka yi nisa da mutane ta zube a gabana cikin ƙaya ta riƙe mini ƙafa. Ta ce, Yaya, in ta isa ki sa ta a makaranta, kuma duk abin da aka zo koyarwa sabo kada ki ce mata ba zai gudu ba. Ta sa na rantse ba zan gaya miki ba. Duk shekara in an yi girbi sai ta aiko a tambaye ni aji nawa kike, wai tambayar lafiyar awakina take. Da kika gama kika ce za ki koyi tafireta, ubanki ya ƙi, wa kike tsammani ta hana shi cin tuwo mai daɗi kwana uku a gidan nan har ya sauko?"

Ta share hanci.

"Ga shi yau da bakina na faɗi maganar da ta hana ni. Tsufa dai bai yi ba."

Safiyatu ba ta san lokacin da ta rarrafa zuwa bakin tabarmar ba. Duk shekarun nan tana ɗauke da ƙullin matar nan a zuciya, tana gode wa kowa ban da ita. Ta gode wa Gwaggo, ta gode wa hedimasta, ta gode wa matar da ta koya mata ɗora yatsu a kan inji, har Baturen kamfani ta gode wa. Ashe mai aikin na zaune a Farin Dutse tana tsintar wake. Kunya ta kama ta, daɗi ya kama ta, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko a ɗakin haihuwa.

"Inna, na gode. Allah ya saka miki da Aljanna. Ki yafe mini, na zaci..."

Ta kifa kai a gefen tabarmar.

Inna ta kawar da fuska gefe. Ta shafa cikin jaririn.

"Maigida, gaya wa uwarka mai jego ba ta kuka, nono yake tsinkewa. Kuma ruwa na hucewa."

Gwaggo ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta koma Gwaggonta sak.

"To ku saurara, ba a kyauta na sake ku ba. Ke kika taɓa gaya mini ɗakin injin nan sanyi ne da shi kamar cikin randa, ko ba ke ba?"

"Ni ce. Injin ba ya son zafi."

"Shi ba ya son zafi, ke ba kya son sanyi, sai a ga wanda zai haƙura. Safa biyu. Rigar sanyi har wuya. Kunun kanwa a fulas, ki aje shi kusa da allon naku, in malamin ya yi magana ki ce Gwaggonki ce ta ce. Ruwan sanyi ko a mafarki. Mairama, in kika ga ƙafa ta ɗan tasa ko kaɗan, asibiti, ba jira, ba shawara da kowa."

"Na ji, Yaya."

"Kuma in kin koyo, ki hau can saman da kika ce, na masu ba shi umarni. Ban sake ki don ki tsaya a tsakiya ba."

"In Allah ya yarda, Gwaggo. Ko na hau ma wani sabon zai zo, sai na sake komawa aji."

"Wannan aiki naku da wahala yake. To in ya zo kada ki sake haɗa shi da haihuwa."

Safiyatu ta yi dariya cikin hawaye. Gwaggo ta ɗauki ludayin duma ta fara kwasar ruwan zuwa bokiti, tururi ya tashi da ƙamshin darbejiya.

Sai aka yi gyaran murya a bakin zaure.

Dukkansu suka tsaya. A cikin wannan shiri duka ba wadda ta tuna da mai gidan.

Malam Hambali ya shigo da carbi a hannu, ya dawo daga sallar la'asar. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba a kuma taɓa jin ya faɗi magana ya janye ba sai sau ɗaya, kuma yanzu Safiyatu ta san dalilin wannan ɗayan. Ya dubi gangar, ya dubi taskirar da rabonsa da ganinta tun yana da baƙin gemu, ya dubi fuskokinsu.

"Yaron nan ya tare ni a zaure da wata magana da ban gane kanta ba. Wai Kaduna. Wai Litinin." Ya ja carbi ɗaya. "Da ɗanyen jego a gidana, wa zai tafi Kaduna?"

Gwaggo ta gyara tsayuwa za ta yi magana, ita ce babba. Amma Inna ta riga ta. Ta ɗauki Ɗanladi ta saɓa a kafaɗa, ta miƙe tsaye, ta ja mayafi ta rufe kai.

"Ni ce, Malam," ta ce. "Ni da Safiyatu."

Ludayin ya suɓuce daga hannun Gwaggo ya faɗa cikin ganga.

Safiyatu ta waiga bayanta, tana neman wata mai sunan.

Carbin Malam Hambali ya tsaya cak.

"Ke da wa kika ce?"